Shafin Godiya

Malamina ya ce kundi ya kammala,
saura shafin godiya.
"Sa sunayen waɗanda suka ɗau nauyin binciken,
haka ake yi."
Na zauna gindin darbejiya a Samaru
da biro da fallen takarda, ina lissafi.

Hukumar tallafin karatu ta jiharmu
ta karɓi hotunana huɗu da takardar shaidar asali,
ta ce in saurara.
Damina uku ke nan ina sauraro.

Akwai wani asusu mai tsoka,
amma na waɗanda suka riga suka sami kujera ne a ciki,
ni kuwa ta taga nake leƙe.
Wata gidauniya daga ƙetare ta nemi in faɗa mata
cikin kalmomi ɗari biyar
abin da tarihin marinar Zazzau zai tsinana wa duniya gobe.
Kwana bakwai na yi ina faɗa.
Amsarsu layi biyu, cike da ladabi:
bana masu nema sun yi yawa.
Wani kamfani kuma injiniya yake so, da likita.
"Tarihi?" in ji mai karɓar takardu, yana sakace,
"abin da ya wuce ai ya wuce."

To wa zan rubuta?

Yaya Lantana,
da ta kwashi adashinta ranar Laraba
ta damƙa mini a Kwangila, ƙulle a bakin gyale.
Da shi na je Kaduna gidan adana takardu,
na tarar da sunan kakanmu a rasit ɗin haraji,
Bature ya rubuta shi a karkace.

Makarantar kuɗi ta Hanwa,
inda nake shan alli daga safe zuwa azahar,
albashi ya iso ranar arba'in ga wata.
Ita ma ta yi nata, ba zan ci amana ba.

Barau ɗan acaɓa,
da ya sha kai ni cikin birni
ya ce in bari sai na zama dakta.

Malam Tanimu marini,
mai tafin hannu kamar sararin magariba.
Ni na zo neman labari, shi ya ba ni goro.
Ya ƙirga mini karofi talatin da biyu da bakinsa,
wane na wane, wane aka cike aka ɗora shago a kai.
Ya ce in dawo Asabar
ya gaya mini shekarar da shunin kanti ya kashe kasuwar baba.
Asabar ta zo ba ni da ko sisi,
babur ɗin Barau yana wurin gyara.
Da na je ta gaba
na tarar da tabarmi a ƙofar gida.
Babi na huɗu yana da rami a tsakiya,
na bar shi haka, ban cike shi da ƙarya ba.

Sai Ilu mai shayi na bakin ƙofar jami'a.
Shi bai tambaye ni manufar bincike ba,
bai nemi wasiƙar shaidu biyu ba.
Yana da littafi mai bangon ja, duk maiƙo,
shafi shida a ciki nawa ne:
shayi, burodi rabi, ƙwai ɗaya ranar da na kare babi na biyu.
Wata rana, bayan shekara ɗari,
wani ɗalibi mai yunwa irina zai tsinci littafin nan,
ya gane yadda aka yi karatu a zamaninmu
fiye da yadda rahoton kowace hukuma zai gaya masa.

Na kai wa malam jerin.
Ya karanta, ya ce ba a saba sa mai shayi a kundi ba.
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga,
ya daɗe yana kallon waje.
"Ilu ɗan Mamuda?" Na ce shi.
"Uban yana bi na naira sha biyu tun ina kamarka.
Sa shi a farko."